Wane felet ya dace da aku, kuma yaya ake sauya masa abinci?

Hajiya, tambayarki ta iso ni. Kin ce akunku, ruwan toka mai jar wutsiya, ya shekara bakwai a gidan, kuma abincinsa tun zuwansa gyaɗa ce da 'ya'yan sanfulawa (furen nan mai bin rana) da masara, sai ayaba jefi-jefi. Cikin watan nan sau biyu ya faɗo daga kan sandarsa yana karkarwa. Ɗanki da ke Dubai ya ce zai taho masa da dunƙulallen abincin nan na kamfani da ake kira felet, kina son sanin wanne zai saya, kuma ko felet ɗin kaji ko na kifi da ake sayarwa a kasuwa zai iya riƙe shi kafin nan.

Zan fara da faɗuwar, domin ita ce ba ta jira. Aku ruwan toka da ya daɗe a kan tsaba zalla, yana zaune cikin ɗaki, sannan ya soma faɗowa yana jijjiga, abu na farko da likita zai zarga shi ne kalsiyam ya yi ƙasa a jininsa. Wannan jinsin ya yi suna da matsalar fiye da sauran 'yan uwansa. Felet ba ya maganin ta a rana ɗaya, ko a mako ɗaya. Ki kai shi wurin likitan dabbobi cikin kwanakin nan, a duba shi, a ba shi kalsiyam ta allura ko ta baki gwargwadon nauyinsa. Idan babu wanda ya saba da tsuntsaye a kusa da ke, asibitocin koyarwa na dabbobi da ke jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri sun cancanci tafiyar. Ki gaya wa likitan irin kejin da yake ciki. Wayar raga mai ruwan tutiya da maƙera ke haɗa keji da ita, da tsohon fenti mai dalma, idan aku yana gwaguyarsu suna sa irin wannan jijjigar, kuma maganinsu daban ne. Kafin ki je, ki sauko da sandar ƙasa-ƙasa, ki shimfiɗa tsohon zane a gindin kejin don kada ya karye idan ya sake faɗowa.

To, me ya sa gyaɗa da sanfulawa suka kai shi nan, alhali yana cin su da marmari kuma bai rame ba? Kusan rabin nauyin kowace daga cikinsu mai ne. Kalsiyam ɗin da ke ciki kaɗan ne, kuma sinadarin fosfaras ya rinjaye shi: a gyaɗa ya ninka shi kamar sau 4, a sanfulawa kamar sau 8. Jikin tsuntsu kuwa yana son kalsiyam ne ya fi yawa. Masara ta fi su talauci ta wannan fannin. Saboda haka tsuntsun yana ƙoshi, har ya yi kitse a ƙirji da hanta, amma abin da ƙashinsa da jijiyoyinsa suke nema ba ya isowa. Abu na biyu da ya rasa shi ne bitamin A. A kurmin da ya fito, daga kudancin Najeriya zuwa Kamaru da Gabon da Kwango, babban abincinsa ya haɗa da jan naman kwakwar manja, wanda ke cike da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, ga 'ya'yan itatuwa iri-iri da yake tashi mil da yawa yana nema. Farar masara da gyaɗa ba su da shi. Rashinsa ne ke kawo atishawa, da toshewar hanci da wani busasshen dunƙule, da kumburi a gefen ido, da farin ƙurji a cikin baki. Masu aku da yawa suna zuwa mini da cewa mura ce ta ƙi jin magani, kuma idan aka bi diddigi a kwanon abinci matsalar take.

Gyaɗa tana da wani haɗari nata na daban da ba na so ki raina. Idan ta sha danshi a rumbu ko a buhu, wata fumfuna tana kama ta, ta bar guba mai suna afulatoksin wadda ke cin hanta. A 1960 talo-talo kusan 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci abincin da aka haɗa da tunkuzar gyaɗa daga Barazil, kuma daga binciken wannan annoba aka gano gubar. Suya ba ta kawar da ita yadda ya kamata, ido ma ba koyaushe yake ganinta ba. Tsuntsu mai nauyin rabin kilo ba ya buƙatar mai yawa kafin ta yi masa illa. Gyaɗa mai ɓawo ta fi muni, don ƙurar fumfunar da ke cikin ɓawon tana shiga huhu lokacin da yake fasawa.

Amfanin felet ɗaya ne tak, amma babba ne: yana hana aku zaɓe. Ki zuba masa tsaba iri goma a kwano, zai tsince guda biyu da ya fi so ya watsar da sauran. Ko an barbaɗa wa tsabar bitamin, a jikin ɓawo yake tsayawa, shi kuwa ɓawon yake ɓarewa ya yar. Felet an niƙa hatsi ne da waken suya da sauran kayan haɗi, aka zuba bitamin da ma'adanai a kan awo, aka dunƙule, ta yadda kowace loma ɗaya take da 'yar uwarta. Ba sihiri ba ne, kuma ba kwafin abincin kurmi ba ne. Har yau yawancin awon da ake amfani da shi an aro shi ne daga binciken kaji, sai abin da aka ƙara daga gwaje-gwaje irin waɗanda Tom Roudybush ya yi a kan ƙananan tsuntsayen kokatil, dangin aku, a jami'ar Kalifoniya da ke Davis kafin ya kafa kamfaninsa a shekarun 1980. Duk da haka, bambancin da ke tsakanin akun da ke kan felet da ganye da wanda ke kan tsaba zalla, wanda ya duba tsuntsaye da yawa ba sai an gaya masa ba. A gashi ake gani, a fatar ƙafa, a tsabtar hanci.

Felet ɗin kaji da na kifi kuwa, a'a, ko na kwana biyu. Na san abin da ya sa kika yi tunaninsu, kamanninsu ɗaya ne kuma suna da araha. Abincin kaji masu ƙwai ana sa masa kalsiyam kashi 3.5 zuwa 4 cikin ɗari saboda kazar da ke yin ɓawon ƙwai kusan kullum. Na aku bai cika wuce kashi 1 ba. Kada ki ce ai kalsiyam ɗin ne ya rasa, bari a cika masa: wannan yawan ƙoda yake lalatawa. Abincin 'yan tsaki da na kajin nama sau da yawa akwai maganin ciwon hanji a ciki wanda aka auna don kaza, kuma an tsara shi ne don tsuntsun da zai yi ƙiba a yanka shi cikin mako shida ko takwas. Naki tsuntsu ne da zai iya shekara 40 zuwa 50 idan an kula da shi. Na tarwaɗa kuma furotin ɗinsa kan kai kashi 40 ko fiye, kusan ninki uku na abin da aku yake bukata.

Yanzu zaɓin. Mutane suna son in faɗi suna ɗaya in ce shi ne sarki, ni kuwa abin da na fi dubawa shi ne wanda za ki iya samu sabo, kuma ki ci gaba da samu. Aku da aka sha wahala aka saba masa da wani felet, bayan wata biyu ya ƙare babu mai kawowa, komawa gyaɗa zai yi, kuma karo na biyu ya fi na farko wuya. Sanannun da likitocin tsuntsaye suka daɗe da aiki da su sun haɗa da Harrison's da Roudybush da ZuPreem da Lafeber daga Amurka, Tropican na kamfanin Hagen daga Kanada, NutriBird na Versele-Laga daga Beljiyam, da Psittacus daga Sifen. Duk cikinsu babu wanda zan hana ki. Ki sa ɗanki ya tambaya a shagon wanne ne ba ya yankewa a wurinsu, ya kuma duba ko akwai mai kawo irinsa Kano ko Abuja ko Legas.

Ya juya bayan jakar ya karanta. Wajibi ne a rubuce cewa cikakken abinci ne na jinsin aku, ba ƙari ba, ba kuma cakuɗen tsaba da aka watsa wa 'yan ƙwayoyin felet masu launi don ado ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi yaudarar mutane, hoton aku a gaba, a ciki rabin sanfulawa ce. Ga baligin aku da ba ya kiwo, furotin tsakanin kashi 12 zuwa 16 ya isa. NutriBird ma a sunan suke sa adadin: P15 mai kashi 15 na yau da kullum ne, P19 na lokacin kiwo. Harrison's suna da iri biyu, Adult Lifetime mai ƙarancin mai da High Potency mai yawan furotin da mai, kuma su da kansu suna ba da shawarar a fara da High Potency ga tsuntsun da ake sauya wa abinci na tsawon aƙalla wata shida, har ma a bar aku ruwan toka a kansa. Ga naki da ya fito daga shekara bakwai na mai, wannan yana da hikima, don ɗanɗanon bai yi nisa da abin da ya sani ba. Amma idan likita ya taɓa ƙirjinsa ya ce kitse ya yi yawa, ko ya ga alamar hanta, to ki bi abin da ya ce.

Girman ƙwayar ma abin dubawa ne. Aku ruwan toka da ƙafa yake ɗaukar abinci ya kai baki, saboda haka yakan fi son ƙwaya babba da zai riƙe. Sai dai wasu suna farfasa babbar su zubar da fiye da abin da suka ci, irin waɗannan matsakaiciya ta fi musu. Idan da hali, ƙaramar jaka ta kowanne.

A kan masu launi da ƙamshin 'ya'yan itace, ra'ayina shi ne wanda ba a rina ba ya fi. Dalilina na aiki ne. Kashin tsuntsu shi ne abu na farko da ke nuna ba shi da lafiya, rini kuwa yana canza launin kashin, sai ki kasa bambance jan rini da jini. Kuma wasu tsuntsayen sai su koma tsintar launi ɗaya su bar sauran, ɓarna ta ƙaru. Duk da haka, idan aka yi ta fama ya ƙi komai sai mai launin, a ba shi. Ya fi gyaɗa nesa ba kusa ba, daga baya a ja shi a hankali zuwa marar rini.

Wurin da na fi ganin ana asara a ƙasarmu shi ne ajiya. Felet mai tsada da ya kwana uku a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, ko ya wata huɗu a buɗe a kan kanta lokacin damina, ya tashi daga abin da aka rubuta a jikinsa. Man ciki yana lalacewa, bitamin A da E suna raguwa, fumfuna tana samun wuri. Irin su Harrison's da ba a sa musu sinadarin hana lalacewa ba, kamfanin ya ce a cinye cikin mako shida zuwa takwas bayan buɗewa, kuma a ƙasarsu ke nan. Aku ɗaya yakan tashi da giram 30 zuwa 40 a rana har da wanda yake zubarwa, wato kilo ɗaya kusan wata guda. Saboda haka ƙananan jakunkuna huɗu a rufe sun fi babban buhu ɗaya, ko da buhun ya fi araha. A duba ranar lalacewa ta kasance da sauran watanni da yawa. Wadda aka buɗe a matse iskar, a rufe, a sa cikin roba mai murfi a ɗakin da ya fi sanyi. Firji yana da kyau idan wutarku tana zama. Idan ana ɗaukewa ana kawowa, raɓar da ke taruwa cikin jakar ta fi zafin ɗaki illa. Kada ki sayi felet ɗin da aka buɗe buhu ana aunawa a leda, ba suna ba kwanan wata. Kuma ki riƙa shinshinawa: mai kyau ƙamshin hatsi yake, wanda ya lalace warin tsohon mai yake yi.

Sauyawar ita ce aikin, kuma a nan ne ake kashe tsuntsu da kyakkyawar niyya. Kada ki ɗauke tsabarsa rana ɗaya ki ce yunwa za ta sa ya ci. Aku bai san felet abinci ba ne, a idonsa tsakuwa ce, kuma yana iya zama a gaban cikakken kwano har ya galabaita. Kada a fara sai likita ya ce jijjigar ta lafa. Ki sayi ƙaramin sikelin kicin mai nuna giram, ki auna shi kowace safiya kafin ya ci komai, ki rubuta. Yawancin irinsa suna tsakanin giram 400 da 550. Idan ya ragu da kashi 5 cikin ɗari, ki sassauta. Idan ya doshi kashi 10, wato kamar giram 45 ga mai nauyin 450, ki mayar masa da tsohon abincinsa ki kira likita.

Yadda nake sa mutane su yi shi ne: felet ya kwana ya wuni a kwanon da ya saba ci, a wurin da ya saba. Tsabar kuma ta daina zama a keji, a kawo ta sau biyu, hantsi da yamma, na kamar rabin awa, a ɗauke. Da sassafe lokacin da yunwa ta fi damunsa felet kaɗai zai gani. Bayan mako ɗaya ko biyu, idan kin tabbatar yana ci, a janye ta hantsin, daga baya a rage ta yamman. Aku tsuntsun garke ne, abin da ya ga nasa suna ci shi yake yarda da shi, ku ne kuwa garkensa. Ki zauna kusa da shi da 'yan ƙwayoyi a faranti, ki kai baki kamar kina ci, ki nuna kina jin daɗi, ki ɗan hana shi kafin ki miƙa masa. Wannan dabarar tana aiki fiye da yadda mutane suke zato. Wani kuma sai an jiƙa felet da ruwan ɗumi, ko an daka an cakuɗa da dafaffen dankalin Hausa ko ayabar da ya riga ya sani. Jiƙaƙƙe kada ya wuce awa biyu a keji, a zafinmu yana saurin tsami. Lafeber suna da wani da suke kira Nutri-Berries, ɓararriyar tsaba ce aka dunƙule da bitamin, yana zama gada mai kyau ga tsuntsu mai taurin kai.

Gari a gindin kwano ba shaida ba ce cewa ya ci, yana iya niƙewa don wasa. Kashinsa za ki duba. Wanda ke cin felet kashinsa yana ƙara yawa, ya koma ruwan ƙasa-ƙasa, kuma zai ƙara shan ruwa tunda abincin busasshe ne. Wanda ba ya ci kashinsa yana ƙanƙancewa, ya yi kore mai duhu ko baƙi. Wani aku mako biyu ya gama sauyawa, wani sai ya kai wata shida. Waɗanda aka kamo daga daji da girmansu sun fi jinkiri. A nan zan ɗan ratse: tun taron CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobin daji, da aka yi a Johannesburg a 2016, aka haramta cinikin aku ruwan toka na daji tsakanin ƙasashe, bayan bincike ya nuna Gana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na nata tun daga 1992. Wanda ke hannunki ya riga ya zama amana a gidanki, amma idan wani ya ce zai samo miki na biyu daga kurmi, ki ce a'a.

Idan ya kama, felet ya zama kamar kashi 60 zuwa 70 na abin da yake ci, sauran daga kasuwarku. A nan mun fi masu aku na Turai sa'a. Karas, kabewa, jan tattasai, dankalin Hausa mai jan ciki, gwanda, mangwaro, duk suna ɗauke da abin da kwakwar manja take ba shi a kurmi. Ganyen zogale ɗanye, a wanke a rataya masa da reshensa, yana da kalsiyam sosai kuma yana ba shi aikin yi. Attaruhu ba ya yi wa tsuntsu yaji, bakinsa ba ya jin sinadarin, ki bar shi ya ci. Wake sai dafaffe lugub, ɗanye guba ne. Kayan zaƙi irin su ayaba da dabino kaɗan-kaɗan. Idan kin samu kwakwar manja sabuwa, ɗaya ko biyu a mako, ko ɗigo biyu na manja mai kyau wanda ba a rina ba a kan abincinsa. Sanfulawa ta koma lada, 'yan ƙwayoyi daga hannunki idan ya yi abin kirki. Gyaɗa in son samu ne a bar ta.

Fiya, wadda ake kira abokado, tana kashe aku, kada ta kusanci kejin. Haka cakulan, kofi da shayi. Goro ma na sa shi a wannan layin, domin sinadaran da ke cikin kofi da cakulan su ne a cikinsa, kuma na san tsofaffi suna son gutsura wa aku. Albasa, tafarnuwa, da duk abin da aka sa wa gishiri ko dunƙulen miya, a bar su. Kuma da zarar ya koma felet, kada a ƙara masa bitamin na ruwa irin na kaji. Felet ya riga ya ƙunshi bitamin A da D3 a kan awo, su kuwa taruwa suke a jiki, yawansu yana taɓa ƙoda da hanta. Kalsiyam ɗin da likita ya rubuta ki ba shi iya kwanakin da ya ce, ki tsaya.

Saura rana. Kalsiyam ba ya shiga jini sai da bitamin D3, kuma fatar tsuntsu tana yin nata idan hasken rana ya taɓa ta kai tsaye. Gilashin taga yana tare irin hasken da ake bukata. Michael Stanford, likitan tsuntsaye a Ingila, ya nuna cewa kalsiyam ɗin jinin aku ruwan toka yana ƙaruwa idan an ba shi wannan hasken, har ga waɗanda ke kan felet. Su can fitila ta musamman suke saya. Ke fito da kejin tsakar gida za ki yi da hantsi kafin rana ta yi zafi, na rabin awa, sau uku ko huɗu a mako, a rufe rabin kejin da zane don ya samu inuwar da zai koma. Wani ya zauna kusa saboda kyanwa da shirwa. Idan ya buɗe baki yana haki ya saki fukafukai, a mayar da shi ciki a yayyafa masa ruwa.

Abin da za ki gaya wa ɗanki ke nan: ƙananan jakunkuna a rufe, jimillar kilo uku zuwa huɗu, na felet marar rini da aka rubuta don aku ruwan toka ko manyan jinsin aku, daga kamfani ɗaya cikin waɗanda na ambata wanda za a iya sake samu, ranar lalacewarsa da saura aƙalla wata shida. Ya haɗo da ƙaramar jaka ɗaya ta wani iri daban ko da na farkon bai karɓu ba, da sikelin giram idan babu a gida. Ya sa su a jakar da ba za ta zauna a rana ba. Ki rubuto mini nauyin tsuntsun na makon farko da abin da likita ya gani, daga nan sai mu tsara ranar da za a fara rage tsabar. Allah ya ba shi lafiya.